Shato a Tawa: abin da bazara biyu da damina biyu suka nuna mana

Ranar da yayana ya kira ni daga Abijan, inda ya shafe fiye da shekara ashirin yana kasuwanci, ya ce yana so in tsaya masa a kan ginin shato a filinsa da ke bakin garin Tawa, na ɗauka hasumiyar ruwa yake nufi, domin a bakin mutanen ƙasar nan tamu ta Nijar ita ake kira shato, har akwai unguwanni a Yamai da suka samo sunansu daga irin waɗannan tankuna. Na shiga yi masa addu'ar Allah ya karɓi wannan sadaka, shi kuwa ya bar ni har na kai aya, sannan ya yi dariya ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Abin da na gani gidan bene ne mai hasumiya a kowace kusurwa, kowace hasumiya da hularta mai tsini, an yi wa bakin rufin haƙora, nan tsaye nan giɓi, ga wata babbar ƙofa mai baka a tsakiya. Wani kamfanin gine-gine mai ofis a Yamai ne yake tallar wannan samfuri, kuma shi ya ɗauki aikin tun daga zane har miƙa makullai. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin maganata akwai yabo akwai suka, kuma ba shi kaɗai ba ne yake sayar da irin wannan zane a yanzu.

Ni malamin makaranta ne, ban gaji gini ba, amma kusan kullum sai na je wurin aikin bayan la'asar, tun daga watan Oktoba na 2022 da aka haƙa tushe har zuwa Fabrairun 2024 da aka miƙa mini makullai. Matar yayana da ƴaƴansa da mahaifiyarmu suna cikin gidan tun daga lokacin. Da gangan na jinkirta wannan rubutu, saboda ba ranar walima ake sanin gida ba. Sai zafin bazara ya dafa shi, ruwan damina ya doke shi, ƙurar hunturu ta bi ta kansa, sannan mutum yake da bakin magana.

Ta fuskar mu'amala da mai gida, kamfanin ya cancanci yabo, kuma ba zan rage masa komai ba. An rubuta yarjejeniya, an raba biyan kuɗi mataki-mataki gwargwadon inda aiki ya kai, kuma ba su taɓa karɓar ko dala ba tare da ba da takardar shaida ba, abin da duk wanda ya taɓa aiko da kuɗin gini daga cirani ya san darajarsa. Simintin Malbaza suka yi aiki da shi, na ga ƙarfen da aka ɗaura a ginshiƙai kafin a zuba kankare, na kuma ga ana shayar da dal ɗin, wato shimfiɗar kankaren bene da rufi, ruwa safe da yamma har tsawon kwanakin da injiniya ya ƙayyade. Injiniyan matashi ne mai ladabi, yana tasowa daga Yamai duk bayan mako biyu, tafiyar da ta haura kilomita 500, kuma bai taɓa nuna gajiya da tambayoyina ba. Sun yi alkawarin wata goma sha biyu, aikin ya ci goma sha shida, amma ban ɗora musu laifin duka ba, domin rufe kan iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 ya tsayar da kayan da ke shigowa ta Benin, ƙarfe da fenti da karo, wato tayil, suka yi wuya suka yi tsada. Zuwa yau babu tsaga ko ɗaya a ginshiƙan gidan. Idan tambayar ita ce ko sun iya tsayar da gini mai ƙwari, amsar ita ce sun iya.

Inda na fara jin wani abu bai zauna mini ba shi ne zanen kansa. Hoton da aka haɗa a kwamfuta aka nuna wa yayana yana da koriyar ciyawa shimfiɗe kamar darduma, da wasu dogayen itatuwa masu tsini waɗanda ban taɓa ganin irinsu a yankinmu na Adar ba, ga sararin sama ya yi luf da gajimare. Daga baya na fahimci cewa an gama zanen tun kafin wani daga cikinsu ya taka filin, don haka ba a yi la'akari da inda rana take faɗuwa ba, ko inda hadari yake tasowa, ko wane ne maƙwabci. An ɗauko gida ne a gama, aka nemi inda za a ajiye shi. Akwai kuma batun kuɗi: hulunan hasumiyoyin da adon bangon waje ba sa cikin lissafin farko, sai da ginin ya kai rufi aka kawo takardarsu daban, a lokacin da mai gida ba shi da sauran damar cewa a'a, tun da hasumiya marar hula ta fi kama da rumbun da aka manta ba a yi wa jinka ba. Da na haɗa lissafi a ƙarshe, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gidan ya tafi ne ga abubuwan da ido kawai suke yi wa aiki.

Duk da haka, ƙarya zan yi idan na ce gidan ba ya ɗaukar ido. Ranar da aka cire katakan da magina ke hawa, na tsaya daga nesa gab da magariba, rana ta yi ja a bayan hasumiyoyin, sai na ji wani abu ya motsa a zuciyata wanda ban shirya masa ba. Ƴan kabu-kabu sun mai da shi alamar kwatance, yaran unguwa suna kiransa gidan sarki, amare kuma suna roƙon a bar su su ɗauki hoto a bakin ƙofarsa. Ba na cikin masu yi wa wannan sha'awa dariya. Mutumin Adar da ya bar gida yana saurayi, ya yi tallar kaya a kai a titunan Abijan, ya kwana a shagon wani shekara da shekaru, yana da haƙƙin ya so gidan da zai faɗa wa duk mai wucewa cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba. Kuma son gini mai kwarjini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zankwayen da magabata suke tsayarwa a kusurwoyin soro suna yin wannan magana, haka ƙofar fadar Sarkin Damagaram da gidajen attajiran unguwar Birni masu zane a fuska, haka hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda da ƙasa aka gina ta, kuma tana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Saboda haka ban ga laifin yayana ba da ya so gidansa ya yi tsawo ya yi kwarjini. Tambayar da ta dame ni ita ce ko wannan siffa da aka sayar masa ta san ƙasar da aka kawo ta.

Ya kamata a san asalin abin da ake kwaikwayo. Gidajen da Turawa suka gina da wannan siffa a tsakiyar zamaninsu gidajen yaƙi ne, kuma kowane abu a jikinsu yana da aikinsa. Haƙoran bakin katanga mafaka ce ta maharba, mutum ya laɓe bayan haƙori ya harba kibiya ta giɓi. Ƴan siraran tagogin nan an tsuke su daga waje an buɗa su daga ciki, domin na ciki ya sami filin ja baka, na waje kuma ya rasa inda zai auna. An zagaye hasumiya don kada a bar wa maƙiyi kusurwar laɓewa, an yi mata rufi mai tsini don ruwa da dusar ƙanƙara su zame, bangon kuwa na dutse ne mai kaurin mita biyu ko uku ko fiye. Da bindigar igwa ta yi ƙarfi, amfanin waɗannan abubuwa ya ragu, sai siffar ta koma ado. Fadar Shambor ta Faransa, wadda aka fara a 1519, tana da hasumiyoyi, amma ba don a tare kowa aka yi su ba. Ita kuwa Noishwanshtain ta ƙasar Jamus, wadda hotonta ya cika duniya kuma kusan duk masu wannan zane daga gare ta suke ɗiba ko sun sani ko ba su sani ba, Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya ne ya fara gina ta a 1869, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da take kwaikwayo ya wuce. Da jan bulo aka gina ta aka lulluɓe da farin dutse, aka sa mata famfo da na'urar ɗumama ɗaki, kuma ya rasu a 1886 bai ga kammaluwarta ba. Ke nan abin da ya iso Tawa kwaikwayon kwaikwayo ne.

Ba mu kaɗai wannan sha'awa ta kama ba. A Kajuru ta jihar Kaduna akwai wanda wani Bajamushe ya gina da dutse a kan tsauni a shekarun 1980. A ƙasar Turkiyya, kusa da garin Mudurnu, an tsara gina fiye da 700 iri ɗaya sak don a sayar wa attajiran ƙasashen Larabawa, aka fara a 2014, aka tayar da fiye da 500, kuɗi ya yanke, suka tsaya jere babu kowa a ciki. Duk wanda ya ga hoton wurin zai gane cewa kwarjinin irin wannan gini yana cikin kaɗaicinsa, da zarar ya yi yawa sai ya koma kamar kayan wasan yara da aka zube a tire. Wannan abin lura ne ga unguwarmu, domin tuni wani ya fara tayar da nasa a layi na biyu.

Bazara ce ta fara yi wa gidan jarrabawa. Bangon da a hoto yake kamar na dutse, a gaskiya bulon siminti ne mai rami, kaurinsa santimita 15, an shafe shi an zana masa layuka don ya yi kama da jerin duwatsu. Irin wannan bango ba ya tare zafi. Yana sha da rana ya amayar da shi cikin ɗaki da dare. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Tawa kusan kowace rana, na hau ɗakin da ke saman hasumiyar yamma wajen ƙarfe huɗu na yamma, wanda a zane aka rubuta masa ɗakin karatu. Na ɗora tafin hannuna a bango na janye shi ba shiri. Hular da ke kansa kwano ce da aka yi wa baƙin fenti don ta yi kama da rufin Turai, babu silin na kirki a ƙarƙashinta, babu ƙofar da zafi zai fita ta sama, iskar ciki kuwa tana da warin ƙarfe da fenti, irin wanda ake ji idan an buɗe motar da ta wuni a rana. Kwalbar ruwan da wani lebura ya manta a kan taga ta yi laushi ta karkace. Ban kai minti biyar ba na sauko rigata ta manne a bayana. Ɗakuna huɗu ke nan a saman hasumiyoyi huɗu, babu wanda ake iya zama cikinsa daga Maris zuwa Yuni sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa tana son wuta, kuma a lokacin ne wutar ta fi yawan ɗaukewa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, siraran tagogin maharba sun yi daidai da ƙasarmu. Ɗakunan ƙasa da ke da su sun fi ko'ina sanyi a gidan, kuma ƙurar hunturu ba ta cika su, domin dama ƙananan tagogi ne al'adar gininmu. Amma sai mai zanen ya ɓata rawarsa da tsalle: ya buɗa wa babban falo wata ƙatuwar tagar gilashi mai baka, daga ƙasa har kusan rufi, tana kallon yamma sak. Da azahar ta gota, falon ya zama tanda. Yanzu labule mai kauri ne a rufe da ita dare da rana, an kuma dasa dogon yaro biyu a gabanta ana jira su girma.

Damina ta zo da nata. Ruwan da ake samu a Tawa a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, amma yakan sauko ne a fusace, da iska mai ƙarfi daga gabas, kuma daminar 2024 ta yi ɓarnar da har gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba don mutane su iya sake gini. Shugaban leburorin da aka ɗauka a nan gari wani dattijo ne da ya fara da ginin ƙasa tun yana yaro kafin ya koma siminti, kuma tun ana ɗora haƙoran rufi ya ja ni gefe. Ya ce mini: “Malam, wanga rufi da kaka gani, kwano na babba anka aza ma gida. Ruwa in ya shiga, ina za shi hita?” Na ce: “Baba, ai injiniya ya ce akwai bututu cikin bango.” Ya girgiza kai ya ce bututun da ido ba ya gani, hannu ba ya share shi. An ɓoye bututan ne cikin bango don kada su ɓata fuskar gidan, kuma ƴan ƙanana ne. Ƙurar wata bakwai, da ganye, da kashin tantabarun da suka mai da giɓin haƙoran masauki, suka toshe su. A ruwa na uku na watan Yuli, na hau da fitila cikin dare na tarar ruwa ya kwanta a kan dal har idon sawu, da safe kuma silin ɗakin mahaifiyarmu ya yi taswira, yana ɗiga cikin roba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau hasumiya ba zai hango shi ba.

A nan ma dole in faɗi gaskiyar kamfanin. Sai da na kira sau uku kafin su turo mutum, kuma da farko sun so su ce rashin shara ne daga gare mu, amma da injiniyan ya zo da kansa ya duba, ya amsa cewa kuskuren zane ne, suka gyara da kuɗinsu. Gyaran kuwa shi ne abin da dattijon ya faɗa tun farko: aka huda bango aka fitar da indararo shida masu tsawo, ruwa yana zuba nesa da tushe. A daminar 2025 ko ɗigo ba mu gani ba. Indararon ba su rage wa gidan kyau ba. A idona ma su ne abu na farko a fuskarsa da ya yi kama da na nan. Adon duwatsun ƙarya kuwa, a bangon gabas inda ruwa yake duka, ya fara ɓarewa tun shekarar farko, kuma wannan ba ya cikin abin da suka lamunce. Abin takaici ne a zana dutse da fenti a ƙasar da ake kira Adar Dutsi, inda dutsen gaske yake zube a bakin hanya.

Akwai wata matsala da ba ta zafi ba ce ba ta ruwa ba, kuma ita ta fi ba ni kunya. Hasumiyar yaƙi an yi ta ne don a hango abin da ke ƙasa, kuma ta nan ma ba ta fasa aikinta ba. Daga tagar hasumiyar arewa ana ganin tsakar gidan maƙwabcinmu tas, har madafa da wurin da iyalinsa suke shan iska. Dattijo ne mai kawaici, bai ce komai ba sai da aka tare da mako biyu, sannan ya same ni bayan sallar asuba ya ce: “Malam, ku gaya wa Alhaji muna taya shi murna, Allah ya sa rai aka yi wa. Sai dai iyalina sun daina fitowa tsakar gida da rana.” Ban sami abin cewa ba sai haƙuri. A ranar aka toshe tagogin biyu da bulo. Maginin gargajiya ba zai taɓa yin wannan kuskure ba, domin kafin ya aza tubali ya san wa ke gabas wa ke yamma. Haka kuma zanen bai san zaure ba. Babbar ƙofar tana buɗewa kai tsaye zuwa falo, falon kuma yana kallon matakalar da mata ke hawa da sauka, ta yadda duk baƙon da ya yi sallama sai ya ga cikin gida. Tsakar gidan da aka bari ƴar siririya ce, domin ginin ya zauna a tsakiyar fili kamar yadda ake yi a Turai, ya bar wani zirin wuri kewaye da shi wanda bai isa a yi girkin suna ba, balle a ɗaure ragon layya a sake.

Wanda yake son ya ga bambancin hasumiyar da ta san ƙasarta da wadda aka aro, ba sai ya yi nisa ba, ya je Yama a nan jihar Tawa. Masallacin Juma'ar garin, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa a 1962, ya kuma sake masa fasali daga 1975 zuwa 1982, yana da hasumiya huɗu a kusurwoyinsa kamar gidan yayana, kuma ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Amma hasumiyoyin Yama babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, kowace da yadda hannun magini ya bi da ita, suna da faɗi a ƙasa suna tsukewa a sama saboda haka ƙasa take son a ɗora ta, kuma launinsu launin garin ne, har ka ce daga cikinsa suka tsiro. Na gidanmu kuwa an zuba su a ma'auni ɗaya, kaurinsu ɗaya daga ƙasa har sama, kuma sun yi wa jikin gidan ƙanƙanta, kamar an ɗora wa ƙato hular yaro. A ganina nan ne ɗanɗano yake: ba a tsawo ko yawan ado ba, a'a, a ga cewa kowane abu a jikin gini yana da dalilin zamansa, kuma girmansa ya dace da na kusa da shi. Wanda kuma yake ganin ginin ƙasa ya zama na da, ya leƙa Dandaji, inda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Gini ne na zamani mai tsawo da kwarjini, kuma da kayan wurin aka yi shi. Na tambayi injiniyan ko kamfaninsu yana aiki da irin wannan bulo, ya ce sun iya, amma masu kuɗi ba sa tambaya, domin a wurinsu ƙasa alamar talauci ce. Ban ga laifinsa ba da ya faɗi gaskiya, amma ina ganin aikin mai zane ne ya nuna wa mai gida abin da bai san zai so ba, ba ya miƙa masa kundin hotuna ya ce zaɓi ba.

Ga wanda ya riga ya ƙudurta cewa shato yake so, ba zan hana shi zuwa wurin irin wannan kamfani ba, domin ƙarfensu da simintinsu da takardunsu babu algus. Sai dai kada ya sa hannu a kan zanen da aka yi kafin a taka filinsa, kuma ya nemi a rubuta masa kuɗin hula da ado da fenti tun a takardar farko. Ya rage hasumiyoyin zuwa ɗaya ko biyu masu girman da za a iya amfani da su, ya zuba kuɗin da ya rage a kaurin bango, ko a ninka shi biyu da iska a tsakani, musamman na yamma. Ya ce a yi wa hula farin fenti a bar mata mafitar zafi, a fitar da indararo a fili, a sa dutsen gaske ko da a ƙasan bango ne kawai, a kuma zaunar da tsohon magini na garin tare da injiniya tun ranar farko, ba sai rufi ya yi yoyo ba. Ga wanda yake neman gidan da zai zauna da iyali cikin sauƙin kuɗin wuta kuwa, wannan samfuri ba nasa ba ne, kwalliyar ba za ta biya masa kuɗin sabulu ba.

Mutanen gidan dai sun yi ta lallaɓa shi har ya fara jin Hausa. An gina bango a cikin babbar ƙofar aka karkatar da mashiga, ta zama zaure, aka yi dakali a waje inda yayana yake zama da abokansa idan ya zo hutu. Rufin da ya ba mu wahala da damina ya zama wurin kwanan samari da bazara, domin iska tana ratsowa ta giɓin haƙoran, ko da yake sai da aka sa raga saboda ƙananan yara. Hasumiyar da ta fi kusa da madafa an ƙarfafa ta an ɗora tankin ruwa a cikinta, don haka a ƙarshe gidan ya sami shato irin wanda na fara zato, kuma ita kaɗai ce cikin huɗun da kowa yake sa wa albarka idan famfo ya ɗauke. Ta arewa tana nan a toshe, ta gabas tantabaru sun gaje ta. Ta yamma kuwa, wadda aka rubuta wa ɗakin karatu, Inna ce ta karɓi makullinta, ta shimfiɗa tabarmi tana shanya kuɓewa da tumatir da tattasai. Ta ce abin da yake kwana uku a tsakar gida, a can wuni ɗaya yake yi ya bushe ƙarau, kuma babu akuya babu ƙura.